Lissafin bayan kwalin filogi

Laraba, bayan Isha'i

Yau ban je ofis ba. Tun jiya na nemi izini, na ce zan kai mara lafiya a duba shi, kuma ban yi ƙarya can-can ba, domin motar nan ta fi wata shida tana jinya ina lallaɓa ta. Da safe da na murza makulli sai da ta yi tari uku kafin ta kama, sannan ta saki wani hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya rufe ƙofar gida har teburin mai shayi. Mai shayin ya ɗaga murya: "Malam, feshin sauro a tsakiyar hunturu? Ai ka bari sai damina." Mutanen benci suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce.

Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Amurka, ta biyo ta Kwatano. Na saye ta farkon 2015, lokacin dala ba ta kai naira 250 ba, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017. Agogonta mil yake ƙirgawa, yau yana nuna 238,000 da 'yan kai, wato sama da kilomita 380,000, in har ba a taɓa murɗa shi baya ba kafin ta zo hannuna. Wannan kam ba zan rantse a kai ba. Tun bayan damina nake ƙara mata lita ɗaya ta baƙin mai duk sati. Injin gaba ɗayansa kusan lita huɗu yake ɗauka, ka ga ke nan duk wata sai na zuba mata man sabis guda cur, alhali ba sabis ɗin na yi ba.

Ƙarfe tara na isa gareji, can bayan Titin Katsina, ƙarƙashin darbejiyar nan da ta sha baƙin mai har saiwarta. Shekara goma muna tare da bakaniken. Bai ce komai ba, ya sa yaronsa ya taka totur, shi kuma ya tsugunna a bayan salansa ya tara tafin hannu, ya shinshina. Ya ce baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba, shuɗi kuwa baƙin mai ne ake ƙonawa. Sai ya cire filogi huɗun ya jera su a kan bonet. Uku sun yi baƙi amma a bushe suke. Na ukun a jere ya jiƙe sharkaf, bakinsa ya yi dunƙulen gawayi kamar gindin tukunya.

Na ce masa ba na son hukuncin hanci kaɗai. Ya aika aka aro masa agogon awon matsi daga garejin maƙwabta. Silinda ta farko 150, ta biyu 145, ta huɗu 140, ta ukun 105. Littafin injin ya ce kada ya gaza 145. Daga nan ya ɗiga baƙin mai kamar cokali guda a ramin filogi na uku, ya sake awo, allura ta haura 150. Ya dube ni ya ce, "Ka gani da idonka, Malam. Da bawul ne, mai ba zai ɗaga shi ba. Man ya toshe gefen zoben fistin ne na ɗan lokaci. Zobe ya ci."

Na yi shiru, don na san inda laifin yake. Akwai shekarun da nake wuce lokacin sabis da wata biyu, wata uku, ina cewa ai tana tafiya. Akwai man kan hanya da ake aunawa a kwalbar lemo, wanda ba ka san ko daga wane duro ya fito ba, na sha zuba shi. Matatar iska kuwa sai dai a karkaɗe ta a mayar, a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon tuwo. Ruwan rijiya nake ɗura wa lagireto. Sannan ga bazarar bara, a hanyar Bichi, fanka ta tsaya, allurar zafi ta hau ja, na ce bari in ƙarasa gari tunda saura kaɗan. Na ƙarasa ɗin. Bakaniken ya ce akwai 'yan ƙananan huduji a jikin fistin da mai ke bi ya koma ƙasa, dattin tsohon mai yake toshe su, zoben ya maƙale a mazauninsa, shi ke nan sai mai ya riƙa hawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Bai ce min ni na jawo ba. Goge hannunsa kawai ya yi da tsumma yana kallon ƙasa, wanda ya fi faɗar ciwo.

Ya yage kwalin filogi ya juya bayansa, ya karɓi birona. Zobe. Mital na ƙasa da na sanda, wato 'yan ɓawon ƙarfen da kirankishaf ke juyawa a cikinsu. Gaskit cikakken saiti. Robobin bawul. Sarƙar taimin, tunda an riga an buɗe. Famfon mai, in ya gaji. Baƙin mai da matatarsa, sau biyu, don bayan gyara sai an zubar da na farko da wuri. Kuɗin aiki. Ya ja layi ya rubuta 390,000. Har na fara sauke numfashi, sai ya sake rubuta wani abu a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. In an buɗe aka tarar bangon silinda ya ƙarje, sai an kai wa masu injin yanka sun faɗaɗa ramin, a sayi fistin masu girma. In kirankishaf ya yi zane, sai an yanke shi zuwa 010, wato a rage kaurinsa kaɗan, a nemo mital daidai da shi. In kan injin ya lanƙwashe saboda zafin hanyar Bichi, sai an daidaita shi. In duk ukun suka haɗu, 600,000 ba za ta ishe mu ba.

"To wanne ne nawa a ciki?" na tambaye shi.

"Wallahi Malam sai an buɗe. Wanda duk ya faɗa maka kafin ya buɗe, kuɗinka yake so."

Ya ce in je Ƙofar Ruwa in ji farashin na Beljiyam, don kada gobe in ce ya rufe ni. Ya haɗa ni da babban yaronsa muka hau Adaidaita.

Na daɗe ban shiga layin 'yan inji ba. An jera su a ƙasa kan tsofaffin tayoyi, kowanne an rubuta masa lamba da farin fenti, wayoyi sun zubo kamar kayan cikin rago ranar Layya. Beljiyam muke ce musu duka, ko daga Japan suka taso, ko Dubai, ko Amurka. Yawanci ta Legas suke sauka, wasu ma sai sun kwana a kasuwar Ladipo kafin su hau tirela zuwa Kano. Tun kafin mu tsaya 'yan kamasho uku suka kewaye mu, kowa na cewa Alhaji zo ka ga mai kyau. Shagon farko 950,000. Na biyu 880,000, in na ba su tsohon nawa su rage 100,000. Garantin sati biyu, kuma da sharaɗi: in ka kwance noti ɗaya, magana ta ƙare.

A shago na uku aka nuna mana wani da ya fi kowanne ƙyalli, 700,000 kacal. Zuciyata ta tafi. Yaron bakaniken, wanda bai fi shekara ashirin ba, ya durƙusa ya bi gefen kwanon ƙasa da farce, ya ɓanɓaro wani jan gam ya nuna min a ɓoye. Ya nuna kawunan notocin, duk sifana ta cinye kusurwarsu. Ya buɗe murfin mai ya zura ɗan yatsa, ya fito da baƙin kunu. Da muka matsa gaba ya ce, "Baba, wannan ɗan gida ne. A nan ya mutu, aka haɗa shi, aka wanke da fetur." Na Turai na gaske, in ji shi, ƙurarsa daban, gam ɗinsa na kamfani siriri ne kamar zare, kuma ba ya sheƙi haka. Na saya masa lemo mai sanyi. Ya fi ƙarfin lemo, amma abin da ke aljihu ke nan.

Mai shago na biyu ya yarda ya tada nasa a ƙasa. Aka jona batir, aka zura tiyo a galan ɗin fetur, inji ya kama da ƙara mai daɗi, ba salansa, har ƙasa tana rawa. Minti ɗaya aka kashe, don ba ruwa a jikinsa. To minti ɗaya me zai gaya maka? Nawa ma in ka saurare shi na minti ɗaya da rana tsaka, sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Ba agogo a jikin inji. Ba wanda zai ce maka mil nawa ya yi, ko wace tsohuwa ce ta riƙa zuwa kasuwa da shi, ko kuwa ɗan tasi ne ya sha jininsa. Kuma duk injin da zai shiga motata sa'anta ne a shekaru, ko ƙaninta da kaɗan. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai birin ya kusa miliyan.

Na yi Azahar a masallacin kasuwa, na zauna a inuwa na kira Yaya. Shi ba ya dogon lissafi. "Ka sayar da ita ka huta. Ka zuba mata mai mai kauri, hayaƙin zai lafa kwana biyu, ka kai wa dillalai." Na ce Yaya, wanda zai saya fa? Ya ce ai kowa ya san tsohuwar mota ya saya. Ban ja da shi ba, yayana ne, amma na san ba zan iya haɗa ido da mutumin a masallacin Juma'a ba. In kuma na faɗi aibinta, za a zabge kuɗin inji daga farashin, har da ƙari. Sannan in sayi me? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo baya, dala ta bi ta kan 1,500 ta wuce, motar da na saya a 2015 ta zama abin da ba zan iya saya ba yau ko da na haɗa albashin shekara. An sayar da kare an sayi biri, tsugunne ba ta ƙare ba.

Akwai kuma hanya ta huɗu, wadda nake kai tun watan Satumba: kada a yi komai. Na lissafa ta a bayan kwalin. Lita huɗu zuwa biyar a wata, sama da 20,000. Filogi duk bayan wata biyu. Fetur da take sha fiye da da, wanda ban auna ba amma aljihuna ya auna. A shekara ya doshi 300,000, kusan kuɗin gyaran ke nan, kuma ƙarshenta dai wata rana zan manta ban duba geji ba, ko uwargida ta ɗauke ta zuwa unguwa, mai ya ƙare, inji ya buga. Ranar ko masu Ƙofar Ruwa ba za su karɓi tsohon a 100,000 ba, sai dai 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli. Wannan hanyar na fi so a raina, don ba ta neman kuɗi a dunƙule, ga kuɗin makarantar yara na zango na biyu, ga azumi ya ƙarato. Amma da na ga lambar a rubuce da hannuna sai kunya ta kama ni.

Abin da na lura da shi a zaune a wurin: duk lambobin da aka ba ni yau, babu wadda take ta gaskiya tukuna. Ta gyara tana da "in" guda uku a ƙarƙashinta. Ta Beljiyam tana da "in" ɗaya, babba, wadda ba za a amsa ba sai bayan garanti ya ƙare. Bambancin kawai, "in" ɗin nawa injin ana iya amsa su da kuɗi kaɗan, da sifana da ma'auni, cikin yini ɗaya. Tarihinsa kuma na san shi, tunda ni na ɓata shi.

La'asar ta yi mana a gareji. Na ce wa bakaniken ya sauke inji ya buɗe, zan biya kuɗin wannan aikin kaɗai, 40,000, ko an ci gaba ko ba a ci gaba ba. Ranar da za a kai wa masu awo ina wurin, in ga lambar da idona. In bangon silinda da kirankishaf sun tsira, a yi zobe da mital. In biyu cikin ukun nan suka faɗo, a tattara shi a buhu mu koma wurin mai shago na biyu, in nemi rance a asusun ma'aikata. Kaya kuma tare za mu je saye, don zoben jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ma ya fi na gaske kyau, kuma ba na son gyaran gangar Auzinawa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Na ce na yarda da kai, kasuwa ce ban yarda da ita ba. Ya ce to shi ma yana da nasa sharaɗin: bayan gyara, kilomita 1,000 na farko ba gudu, ba lodi, ba zuwa Bichi da buhunan masara, sannan ruwan rijiya ya bar lagireto har abada. Muka tafa.

Na kwashe takardun mota da dardumar salla da takalmin ƙaramar yarinyata guda ɗaya da muka yi wata muna nema, ashe yana ƙarƙashin kujera. Na miƙa makulli. Adaidaita biyu na hau kafin in iso gida, 700, shi ma na rubuta a kwalin.

Uwargida ta karɓi kwalin ta juya shi gaba da baya a hasken waya. Ta ce, "Malam, ban ga kuɗin kai yara makaranta na kwanakin da za ta yi a can ba." Gaskiyarta, ban sa ba. Ta ɗauki biro ta ƙara da kanta, ta kuma ce Asabar in zan je wurin awon in tafi da babban ɗanmu, ya ga cikin inji tun yanzu. Kwalin yana nan kan akwatin talabijin, na danne shi da filogi na uku, wanda na taho da shi a aljihu ban sani ba, ya kuma ɓata min farar shaddata.