Ranar da iska ta kusa ƙwace min sitiyari

Motar da muka ɗauko haya don tafiyar nan irin mai ɗaki a ciki ce, da gado da ɗan kicin har da banɗaki, tsawonta ya kusa mita 7, tsayinta sama kuma wajen mita 3. Kwana biyun farko lafiya lau, har na fara cewa a raina ai tuƙi tuƙi ne. A rana ta uku ne hadari ya haɗo tun da hantsi, gari yai baƙi ƙirin, iska ta taso mana ta gefe.

Abinda ban gane ba sai da na ji shi a hannuna shi ne gefen motar nan bango ne sukutum. Ƙaramar mota iska na bi ta kanta ta wuce, wannan kuwa duk faɗin jikinta take samu ta tura. Kuma in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun motar da shi sau huɗu yake ninkawa, shi yasa iskar da kake ganin ba wata aba bace kana tsaye a ƙasa sai ta zame maka bala'i a kan titi.

Iskar da ke kaɗawa bai ɗaya ma da sauƙi, ka ɗan karkata sitiyari ka riƙe shikenan. Wadda ta fi ban tsoro ita ce mai zuwa bagatatan, kana tafiya bishiyoyi ko tudu sun kare ka, kana fitowa fili ko ka hau gada sai ka ji kamar wani ƙato ya bangaji motar da kafaɗa. Sai kuma tirela. Wallahi duk wadda na hango a madubi tana shirin wuce mu sai gabana ya faɗi, don in ta kawo kai iskarta na tura ka waje, in ta jera da kai ta tare maka iskar gefen sai motarka ta nufo ta tunda dama ka karkata sitiyarin can, tana wucewa kuma iskar ta dawo ta make ka, duka cikin 'yan daƙiƙu. Daga baya na koyi in sassauta totur tun kafin ta iso, hannu biyu a sitiyari, gyaran kuma kaɗan-kaɗan banda fizga.

Ana cikin haka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Waifa na ta aiki amma da ƙyar nake ganin farin layin titi, gilas yai gumi ta ciki sai da na kunna esi na juya iskar kansa. Na sauko daga gudun kilomita 90 zuwa 60, duk da haka a wani kwari da ruwa ya kwanta sai naji sitiyari yai sakayau, kamar ba a haɗe yake da komai ba. Tayoyin gaba ne suka hau kan ruwa, zanen tayar ya kasa korar ruwan da sauri. Ƙafata ta so ta danna birki, Allah Ya taimake ni na tuna ba a yi, na ɗaga ƙafa daga totur kawai na miƙar da sitiyari har naji taya ta sake kama kwalta. Mota mai nauyin kusan tan 3 da rabi, a jiƙaƙƙen titi inda nisan tsayawa ke ninkawa aƙalla sau biyu, ba abin wasa bace.

Uwargida tunda aka fara ba ta ce uffan ba sai addu'a, a nan ne ta juyo ta ce, "Maigida, don Allah ina muke saurin zuwa ne? Gadonmu fa ga shi nan a bayanmu."

Maganar ta shige ni sosai. Ni duk tunanina in kai inda muka tsara kwana, alhali ɗakin kwanan nake ja tun safe.

Wurin hutawa na farko da muka samu na shiga. Na yi fakin nesa da bishiyoyi saboda reshe, na juya hancin motar ya fuskanci iska don kar ta riƙa dukan gefe, muka duba tagogin rufi ko a kulle suke, rumfar gefe kam ko taɓa ta ban yi ba don iska irin wannan ɓalle ta take. Ƙofa ma sai da na riƙe da hannu biyu kafin in fita in zagaya motar.

Daren nan motar ta yi ta rangaji, ruwa na dukan rufi kamar ana kiɗa, kafaɗuna na ciwo saboda yadda na ƙanƙame sitiyari, amma na yi barci mai nauyi. Da safe muka sauko da duk kaya masu nauyi daga lokokin sama zuwa ƙasa don nauyin motar ya zauna ƙasa, na duba iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan na buɗe hasashen yanayi a waya. An nuna iskar ba za ta lafa ba sai bayan azahar, sai muka zauna muka jira ta.