Wasiƙa daga Amurka: Mai hoton da ta kai wa tsofaffi garuruwansu

'Yan uwana na gida, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da iyali baki ɗaya.

Labarin wata mai ɗaukar hoto nake so in ba ku, Diana Markosian, 'yar asalin Armeniya. A Mosko aka haife ta a 1989. A 1996, tana da shekara 7, mahaifiyarta ta tashe ta cikin dare, ta kwaso su ita da yayanta zuwa Santa Barbara a Kaliforniya, ko sallama ba su yi da mahaifinsu ba. Daga baya uwar ta yanke shi daga hotunan gidan. Sai bayan shekara 15 Diana ta je ta same shi a Armeniya, ya nuna mata akwati cike da wasiƙun da ya yi ta rubutawa yana cigiyar 'ya'yansa.

Amma aikinta da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ta sa wa suna 1915. A shekarar ce aka fara kisan kiyashin Armeniyawa a daular Usmaniyya ta Turkawa, inda ake ƙiyasin sama da mutum miliyan ɗaya suka halaka, ko da yake Turkiyya har yau ba ta yarda da wannan suna ba. Gab da cikar shekara 100, ta nemo tsofaffi uku da suka tsira tun suna yara. Ta zauna da su, suka kwatanta mata abin da suke iya tunawa na garuruwansu. Iyakar Armeniya, inda suke zaune, da Turkiyya, inda garuruwan suke, a rufe take tun 1993, ga kuma tsufa, don haka ita ta je a madadinsu. Ta ɗauko wuraren, ta wanko manya-manyan hotuna, ta kafa a gabansu. Ɗayansu, mutumin yankin Musa Dagh da ke Turkiyya, miƙa hannu ya yi yana shafa hanyar garinsu a jikin hoton.

A ganina nan ta yi fice, don masu garuruwan ta fara kai wa hotunan kafin 'yan kallo.

Na tuna da dattawanmu na Borno da Zamfara da rikici ya raba da ƙauyukansu. Matasanmu masu kyamara, ko ta waya ce, don Allah ku zauna da su ku ji sunayen unguwanni da rijiyoyi da masallatan da suka baro, ku rubuta, ku ɗauki hotonsu in sun yarda.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Amurka