Fayil ɗaya a cikin taminal: inda nake ajiye abin da kaina ba zai riƙe ba

Aikina haɗa manhaja ne da kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe manhajoji da bayanai, na wasu ƙananan 'yan kasuwa, don haka kusan duk yinina a cikin taminal yake ƙarewa, wato baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni da rubutu. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san ɓacin ran da ke cikin sake fafatawa da matsalar da ya riga ya kashe watannin baya. Kana tuna ka taɓa ganin saƙon kuskuren, kana tuna ka sha wuya a kansa, amma yadda ka fita ya ɓace maka ƙurmus.

Na gwada manhajojin ajiye bayanai masu kyan gani, waɗanda ake buɗewa a burauza. Ba su da laifi, sai dai nesa suke da hannuna. Kafin in bar taminal, in lalubo linzami, in jira shafi ya buɗe a ranar da intanet ke jan ƙafa, tunanin da nake son rubutawa ya riga ya sulale. Daga baya ma sai na daina yunƙurin. Tarihin umarni na bash (manhajar da ke karɓar umarni a taminal) kuwa, wanda mutane da yawa ke dogara da shi, layi 500 kacal yake riƙewa idan ba a canza masa saiti ba. Ko ka ƙara masa, abin da ka buga kawai yake ajiyewa. Ba ya ajiye amsar da kwamfuta ta mayar maka, balle dalilin da ya sa ka buga.

Sai na koma ga abu mafi sauƙi: fayil ɗaya na tsurar rubutu mai suna allo.md, da layi ɗaya da na saka a cikin .bashrc, fayil ɗin saitin bash:

n() { printf '%s  %s\n' "$(date '+%F %H:%M')" "$*" >> ~/allo.md; }

Idan na buga n na bi shi da magana, sai ta faɗa ƙasan fayil ɗin tare da kwanan wata da lokaci. A lura da alamar >> guda biyu. Ita ce ke ƙara rubutu a ƙarshen fayil, alhali > guda ɗaya share komai take yi ta rubuta sabo a kai. Wanda yake tsoron zamewar yatsa zai iya kunna set -o noclobber, bash zai hana > guda ɗaya rubutawa a kan fayil da yake akwai. Kwanan watan kuma da gangan na fara shi da shekara, sannan wata, sannan rana, bisa tsarin ISO 8601, domin da haka layuka ke jeruwa daidai kuma neman abin wata guda yake zama umarni ɗaya.

Akwai wani cikas da mai rubutu da Hausa zai ci karo da shi tun ranar farko. Ka buga n 'yan kasuwa sun ce rasit ba ya fita, sai ka ga taminal ya tsaya cak yana nuna maka > yana jira. Bash ya ɗauki alamar da ke gaban 'yan a matsayin buɗe zance, yana jiran ka rufe. Haka a'a da sana'a da ma'ana duk za su yi maka. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun tsira daga rabin wannan, amma hamzar tsakiyar kalma tana nan. Maganin da na zauna a kai shi ne in sa n, idan ban ba shi komai ba, ya karɓi layin ta hanyar read -r. A nan bash ba ya fassara komai, abin da ka buga shi zai shiga.

Kafa wannan duka bai kai minti goma ba. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane me ya cancanci a rubuta. Ga wani yanki daga fayil ɗina, na safiyar da rumbun bayanan postgres na wani shago ya daina karɓar kowa, na cire kwanan watan:

09:14  sabar shago: FATAL: sorry, too many clients already
09:20  max_connections 100 ne, pg_stat_activity ya nuna yawancinsu idle
09:47  na sake tayar da postgres, ya lafa, ya dawo. BA shi ne maganin ba
10:30  dalili: aikin rahoton dare yana buɗe haɗi ba ya rufewa
10:32  na tsaya a nan: a gyara rahoto.py, kada a taɓa max_connections

Layi na farko kwafe shi na yi harafi da harafi, ban fassara ba, ban taƙaita ba. Ranar da matsalar ta dawo, saƙon da ke gabanka shi za ka nema, ba bayanin da ka yi da bakinka ba. Layi na uku ya fi sauran daraja a wurina. Mutane suna son rubuta abin da ya yi aiki, su bar wanda bai yi ba, alhali hanyoyin da suka toshe su ne ke cinye awanni idan ka sake bin su. Na ƙarshe kuma, "na tsaya a nan", shi nake rubutawa duk lokacin da zan tashi, ko sallah ce, ko abinci, ko kiran gida. Idan na dawo ba na zama ina kallon allo ina tambayar kaina ina na kwana. Zan buga tail ~/allo.md, layuka goma na ƙarshe su fito, in ɗora.

Wani matashi da ke koyon aiki a wurinmu ya taɓa leƙo allona ya ce, "Malam, wannan tarkacen ta yaya kake samun abu a ciki? Ba folda, ba kanun magana." Na ce masa, "Zo ka gani, ƙanena." Na buga grep -i -A4 "too many clients" ~/allo.md, nan take layin ya fito da huɗun da ke bayansa. Shi grep ɗin nan, umarnin neman kalma a cikin fayil, Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs da ke Amurka tun 1973, kuma har yau bai gaza ba a kan fayil irin wannan. Ina ganin tsara bayanai cikin folda-folda tun kafin a san amfaninsu yana daga cikin abubuwan da ke kashe wa mutum sha'awar rubutu. Kana tsakiyar gyara, sai a ce ka tsaya ka yanke shawarar inda magana za ta zauna.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna buƙatar kula a wajen nema. A idon grep, k daban ƙ daban, haka d da ɗ, b da ɓ. Idan jiya ka rubuta ƙara, yau cikin gaggawa ka rubuta kara, nema ɗaya ba zai kamo su biyun ba sai ka buga [kƙ]ara. Wannan ma sai taminal ɗinka yana kan UTF-8, tsarin ajiye haruffa da Thompson ɗin da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992. Buga locale ka duba. A wasu sabobin da aka bar locale ɗinsu a kan C maimakon UTF-8, grep -i ba ya gane cewa Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne.

Idan maganar ta fi layi ɗaya, ina da maɓalli a tmux, manhajar da ke raba taminal zuwa tagogi. Tun daga siga ta 3.2 yana da display-popup, ƙaramar taga da ke tasowa a kan aikinka. Na ɗaura ta da vim + ~/allo.md (vim manhajar rubutu ce ta cikin taminal), wanda ke buɗe fayil ɗin a layin ƙarshe. In rubuta, in rufe, taga ta ɓace, aikina yana nan yadda na bar shi. Vim kuma yana ajiye abin da kake bugawa a wani fayil na gefe duk bayan harafi 200 ko daƙiƙa huɗu na shiru, don haka idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu, vim -r zai dawo maka da kusan komai.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kalmar sirri da mabuɗan shiga ba sa taɓa shiga wannan fayil. Ina ajiye shi a git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayil, don in sami kwafi a wani wuri, kuma git ba ya mantuwa. Ko ka goge layi yau, yana nan a tarihin jiya. Shi ya sa duk umarnin da zan kwafa sai na karanta shi, in cire sirrin, in rubuta sunan inda yake ajiye a madadinsa. Sirri yana da nasa ma'ajin mai kulle, ni manhajar pass nake amfani da ita.

Sunan allo da na ba shi daga makarantar allo na aro shi, inda ake rubutawa, idan karatu ya zauna a wanke. Duk Juma'a kafin in tashi nakan bi abin da na tara a makon. Wanda ya shafi aikin da wasu za su gada, in kai shi README, wato fayil ɗin bayanin aikin, domin bayanin da abokan aiki ke buƙata bai kamata ya maƙale a kwamfutata ba. Umarnin da na ga ina yawan dawowa nema, in mayar da shi ɗan rubutun umarni mai suna. Sauran in tura su fayil ɗin shekara, wanda grep ke bi shi ma.

Wurin da tsarin ya ɗan yi mini gardama shi ne lokacin da na shiga wata sabar ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, domin can babu n, kuma ba na son barin bayanaina a injin mutane. Sai na riƙa kunna tmux a kwamfutata tukuna, sannan in yi ssh daga cikinsa. Ta haka tagar rubutun tawa ce ke tasowa ko da ina aiki a sabar da ke wata ƙasa, kuma duk abin da na rubuta a kwamfutata yake sauka.