Yadda na zaɓa wa yarana kayan kariya daga fashewar wutar lantarki

Ni ke kula da ma'aikatan wuta a wata masana'anta a Sharaɗa, Kano. Da aka amince a saya mana kayan kariya, 'yan kwangila suka kawo riguna masu kauri, wai ba sa cin wuta. Na mayar musu, domin babu lambar da ke nuna yawan zafin da za su iya tarewa a jikinsu.

Idan wayoyi suka haɗu cikin akwatin wuta, zafin tartsatsin kan kai digiri 19,000, jan ƙarfe ya narke ya watso. Mutum na ƙonewa ko bai taɓa waya ba. Ana auna zafin da kalori a kan kowace santimita murabba'i, kuma 1.2 kawai ta isa ta tayar da bororo a fata. Ƙa'idar NFPA 70E ta Amurka ta kasa kayan kariya mataki huɗu: kalori 4, 8, 25 da 40.

Don haka kafin mu sayi ko hula, sai da injiniya ya lissafa mana kowane akwati, muka manna lambar kalorinsa a ƙofa. Abin mamaki, babban akwatin volt 415 da ke dab da taransifoma ya fi ɓangaren volt 11,000 nauyin lamba, saboda na'urar da ke katse masa wuta tana jinkiri. Yawancin sauran ba su kai 8 ba, sai na saya wa kowa riga da wando na kalori 8, da garkuwar fuska, da hular da ke rufe wuya, da abin toshe kunne. Na kalori 40 mun ajiye su wa babban akwatin kaɗai. A zafin Afrilu, wanda ka tilasta wa irinsu kullum zai tuɓe ne da ka juya baya.

Safar hannu ta roba kuwa da volt ake zaɓenta: aji 0 har 1,000, aji 2 har 17,000, a ɗora ta fata a kai.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne rigar ciki. Samarin nan na son rigar ƙwallo, ga shi yadin roba ne, narkewa yake ya manne a fata. Yanzu kowace safiya sai na ce, "Malam, buɗe maɓalli mu gani." In ba auduga ba ce, ranar ba ya kusantar akwati. Mai wanki ma na hana shi sa bilic, don yana kashe ƙarfin yadin.