Saƙon godiya bayan kare kundin bincikena kan ƙwaƙwalwar ɓera

Alhamdu lillahi, na kare kundin digirina na biyu a gaban kwamitin jarrabawa, kuma an amince da shi. Binciken ya shafi ɓarnar da ɓurɓushin iskar oksijin, wato sinadarai masu cutarwa da ke samuwa yayin da jiki ke amfani da oksijin, ke yi wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera bayan an ratsa ta da lantarki har ta kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya.

Godiyata ta farko ga Farfesa mai duba aikina, wanda bai bari na taɓa ɓera ko ɗaya ba sai da kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ya ba da izini, kuma sai da na iya bayyana masa dalilin aikin ba tare da na duba takarda ba. Tun shekarar 1938 da Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara jinyar masu taɓin hankali da lantarki a birnin Rum na Italiya, likitoci ke amfani da wannan hanya, musamman ga masu matsanancin ciwon damuwa da magani ya gaza musu, sai dai wasu majinyatan kan koka da mantuwa bayan jinyar. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na oksijin da jiki ke amfani da shi, ga ta kuma cike da kitse mai saurin lalacewa, kamar yadda man gyaɗa ke sauya wari idan ya daɗe a buɗe. Shi ya sa muka binciki irin wannan lalacewa, kuma saboda mantuwar nan muka mai da hankali kan hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa da ke da hannu wajen adana abin da aka koya.

Waɗanda suka fi cancantar yabo a wurina su ne ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda sunansu ba ya fitowa a bangon kundi. Ɓarnar ɓurɓushin oksijin ba ta tsayawa don an cire ƙwaƙwalwa daga jikin dabba, saboda haka dole a rarraba ta a kan ƙanƙara cikin hanzari, a adana ta a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, in ba haka ba abin da za a auna ya zama na sakacin mai aiki, ba na lantarkin ba. Malam babban ma'aikacin ɗakin ya sha tasowa daga gida da dare don tayar da janareta idan an ɗauke wuta. Shi ne kuma ya koya mini auna sinadarin MDA, wanda ke nuna lalacewar kitse, ta hanyar dafa samfurin har ya koma ruwan hoda a karanta ƙarfin launin da na'urar haske da aka saita a nanomita 532, da kuma auna SOD da katalas, sinadaran kariya na jiki masu mai da ɓurɓushin nan mai cutarwa ruwa da oksijin mataki-mataki. Allah Ya saka masa da alheri.

Ina gode wa mai jarrabawa na waje, wanda ya nace in rubuta a fili cewa ɓera ba mutum ba ne, kuma a asibiti ana yin wannan jinya ne bayan an sa majinyaci barci an ba shi maganin sassauta tsoka. Ina ganin gaskiyarsa, domin bai dace wani ya hana ɗan'uwansa jinyar da likita ya ba da shawara ba saboda ya ji labarin aikina.

Baba da Inna, ku kuka biya kuɗin sinadarai lokacin da tallafi ya yanke, ba ku kuma taɓa gajiya da yi mini addu'a ba. Yaya, na gode da aron kwamfuta. Abokan karatuna da suka taimaka wajen ciyar da ɓerayen da share kejinsu, Allah Ya ba ku sa'ar kare naku kundin.