Corollar ta daina ƙwanƙwasa, kuma famfon mai ba shi da laifi

'Yan'uwa masu koyo, Corollar nan mai injin 1ZZ da ta hana ni sakat yau ta tashi lafiya lau. Wallahi ban yarda ba sai da na bar ta a silo har fanka ta ɗauka.

Kafin gyaran, da sanyin safiya shiru take. Sai inji ya ɗau zafi, baƙin mai ya tsinke, sannan ƙarar ta taso daga ƙasa, ƙwas-ƙwas, tana bin totur, fitilar mai kuma na ƙiftawa. Kafin ta zo hannunmu mai ita ya riga ya sa an zuba mai mai kauri, 20W-50, an kuma canja famfon mai. Kuɗi kawai ya zubar. Mai mai kauri rage ƙarar yake yi na ɗan lokaci, ƙarfe kuwa yana can yana cin ƙarfe.

Abin da ya daɗe bai zauna min a kai ba shi ne yadda sabon famfo zai kasa ɗaga gejin ƙarfin mai. Ashe famfo turo mai kawai yake yi, ƙarfin yana samuwa ne daga ƙuncin hanyar da man ke bi. Tsakanin metal (wato bearing, ƙarfen da ke rungume da wuyan kiranshaf) da kiranshaf (sandar da fistin ke juya ta) tazarar ba ta kai kaurin gashi ba, a injin nan iyakarta 0.08 na milimita. Idan metal ya cinye, mai sai ya tsere ta gefe, ƙarfinsa ya faɗi, shimfiɗar man da konrod (sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf) ke hawa a kai ta yi siriri. Duk bugun fistin sai konrod ya daki kiranshaf. Dukan kuma ya ƙara faɗaɗa tazarar, ƙarfin mai ya ƙara sauka.

Don gano silindar da ke ƙarar, na riƙa cire soket ɗin koyil (mai ba fulogi wuta) ɗaya bayan ɗaya, ina zuwa na silinda ta 3 ƙarar ta lafa. Da muka sauke kwanon mai, ƙasansa sai ƙyalli yake da garin ƙarfe, rariyar famfo ta toshe kusan rabi. Metal ɗin ya yi baƙi, wuyan kiranshaf kuma farce yana kamawa.

Na so mu sa sabon metal mu rufe. Oga ya hana, ya ce wuyan da ya karce ba zai bar sabo ya daɗe ba. Aka kai wajen mai wankin kiranshaf, ya rage 0.25 na milimita, muka sayo metal daidai da shi. Kuɗin wankin ya yi min ciwo duk da ba aljihuna ba ne. Wanke ramukan mai na cikin bulo kuwa ni aka bar wa, har yanzu hannuna warin kananzir yake. Gobe sai Golf ɗin da ke shan ruwa.