Ranar da na kira mahaifina munafuki

A watan Fabrairun 2000, lokacin da rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna, shekarata 19, muna zaune a gidan haya a Tudun Wada. A gidan akwai wata Kirista 'yar Kudancin Kaduna, tela ce, ita ke goya ni ina jariri idan mahaifiyata ta tafi unguwa, kuma tun da na buɗe baki Mama nake ce mata. Da hayaƙi ya turnuƙe gari aka fara jin ihu daga bakin titi, mahaifina ya shigar da ita da 'ya'yanta uku uwar ɗakinsa, ya saki labule, ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa ya zauna da carbi a hannu. Ni kuwa na shigo da gora, jikina yana ɓari, na tsaya a kansa na ce abin da yake yi munafunci ne, yana ɓoye maƙiya alhali ana kashe 'yan'uwanmu. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce: "Wadda ta goya ka ce a ciki. In za ka shiga, sai dai ka bi ta kaina." Washegari da asuba shi da wani maƙwabci suka raka su barikin soja, daga can suka koma Sabon Tasha, kamar yadda dubban mutane suka yi ƙaura zuwa gaɓar kogin Kaduna da masu addininsu suka fi yawa.

Ƙannena, ina ba ku wannan labari ne saboda ku san cewa ban tashi rana ɗaya na zama haka ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce in kashe wani. Abin ya faro ne daga wata majalisa da muke yi bayan sallar isha'i, mu bakwai, muna sauraren kaset-kaset a rikodar wani daga cikinmu wanda ya girme mu da shekara biyar, ya kuma ɗan ji Larabci. Da farko limamin unguwarmu aka rage wa daraja a idonmu, aka ce jahili ne, muka daina bin sa salla. Daga nan aka gangaro kan iyayenmu, aka ce addininsu na gado ne, ba su san tauhidi ba. Kafin shekara ta zagayo, ma'aikacin gwamnati ya zama mai bauta wa ɗagutu, ɗan sanda ya zama kafiri, wanda kuma ya yi shakkar kafircinsu shi ma ya bi su. Kullum da'irar Musulmin ƙwarai tana ƙara ƙanƙancewa, har ta kusa komawa mu bakwai ɗin nan. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne daɗin da ke cikin lamarin, domin yaron da ba shi da aiki, ba shi da sisin kwabo, ba ya iya karanta Ahalari ba tare da tuntuɓe ba, sai ga shi yana jin ya fi mahaifinsa kusanci da Allah.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 na liƙa hoton Usama bin Laden a bangon ɗakina. Amurka ta shiga Afghanistan a watan Oktoban wannan shekara, ta mamaye Iraƙi a Maris ɗin 2003 bisa zargin makaman ƙare dangi waɗanda ba a taɓa samu ba, sannan a 2004 hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito. Ba zan ce muku fushin da na yi a kan waɗannan abubuwa kuskure ba ne, domin zalunci aka yi, kuma duk mai imani dole zuciyarsa ta sosu. Kuskurena shi ne na miƙa wannan fushi ga mutanen da ba su da hanyar kai wa ga wanda ya yi zaluncin, saboda haka suka juyo da shi kan wanda hannu zai iya kaiwa: telar gidanmu, limamin unguwa, ɗan sandan da ke ba da hannu a shataletale.

A cikin wannan hali ne mahaifiyata ta matsa mini in raka ƙanena wurin wani tsohon malami da ke karantarwa a zaurensa. Na tafi ne da niyyar in ƙure shi. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ya ce: "Ɗana, na ji kana son Usama. Ka san labarin Usama ɗan Zaidu?" Sai ya karanta mini hadisin: yadda Usama ya rutsa wani mutum a fagen yaƙi, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya kashe shi yana ganin tsoron takobi ne ya sa ya faɗa, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Malam ya rufe littafin ya ce: "Wannan a fagen fama ke nan, da mutumin da yake riƙe da makami. To kai zuciyar wa ka tsaga?" Na yi shiru, domin fuskar mahaifina a kan buzun nan ce ta faɗo mini. Ban sauya a ranar ba, kuma ƙarya ne in ce na sauya. Kusan shekara biyu na yi ina komawa zauren ina gardama, shi kuma bai taɓa kora ta ba, bai taɓa kai ƙarata ba. A wurinsa na fara jin ayar Suratul Ma'ida da ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, da hadisin da ya ce wanda ya kira ɗan'uwansa kafiri maganar za ta koma kan ɗayansu, da labarin Abdullahi ɗan Abbas wanda ya je har sansanin Hawarijawa, masu kafirta sauran Musulmi, ya yi muƙabala da su, dubbai suka dawo.

Cikin mu bakwai, ɗaya ya tafi Maiduguri a 2008, har yau mahaifiyarsa ba ta san inda kabarinsa yake ba. Ku kuma ku dubi waɗanda wannan aƙida ta ci. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacinsa na Ɗorayi a Kano yana jan sallar asuba a Afrilun 2007, bayan ya fito fili ya soki wannan tafarki. An kashe Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014. Bam ɗin da ya tashi a Kaduna ranar Ista ta 2012 ya hallaka mutane da dama, da yawa daga cikinsu 'yan acaɓa ne da masu shayi da suka fito neman na abinci. A Yulin 2014 aka kai wa Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi hari bayan rufe tafsiri a Dandalin Murtala, a wannan rana kuma aka kai wa Janar Buhari a Kawo, talakawan da ke bakin hanya suka mutu. A Nuwamban shekarar aka buɗe wa masallata wuta a babban masallacin Juma'a na Kano. Babu sojan Amurka ko ɗaya a cikin waɗannan gawawwaki.

Matasa kan tambaye ni me ya kamata ƙasashen Yamma su yi. Ni ba jami'in diflomasiyya ba ne, amma na san abin da ya ja ni da abin da ya dawo da ni, kuma da shi nake auna maganar. Suna da haƙƙin kare mutanensu daga mai dasa bam a jirgin ƙasa ko kasuwa, wannan babu ja. Sai dai duk bam ɗin da ya faɗa kan gidan biki, duk fursunan da aka wulaƙanta, kyauta ce aka bai wa irin mai rikodar nan tamu, domin ba ya buƙatar hujja daga littafi idan yana da hoto. Rushe gwamnatin Iraƙi ne ya share fagen da ƙungiyar IS ta tsiro har ta shelanta halifanci a 2014. Kifar da Gaddafi a 2011 da taimakon jiragen NATO ya watsa makamai cikin Sahel, arewacin Mali ya faɗi a 2012, Faransa ta shigo a 2013 ta yi kusan shekara goma ta fita matsalar tana nan. Amurka ta yi shekara 20 a Afghanistan, a Agustan 2021 Taliban suka koma Kabul. Wani bincike da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan hira da waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ɗan'uwa ko kama aboki, kashi 57 kuma sun amsa cewa ba su fahimci nassin addini sosai ba. Mu ma shaida ne: kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba bai kashe wutar ba, fetur ya zuba mata. Saboda haka idan za su sayar wa gwamnatocinmu jiragen yaƙi, su haɗa da sharaɗin bincike da hukunci, domin a Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojanmu ya kashe masu Mauludi fiye da 80 a Tudun Biri, nan cikin Igabi, kuma yaran da suka tsira suna girma da abin a ransu. Su kuma koyi sauraren Musulmi a matsayin abokan aiki. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa Detroit a Disamban 2009, gidansu yana nan Kaduna, kuma mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi makonni kafin lamarin, amma bai hana a bar yaron ya hau jirgi ba.

Kada wannan ya sa ku faɗa wani kuskuren da na yi, wato ɗora wa Turawa komai. Ba Bature ne ya ba ni gora ba, kuma Maitatsine ya zubar da jini a Kano a 1980, almajiransa suka yi a Rigasa a 1982, tun kafin a san za a yi yaƙin Iraƙi.

A yau rikodar ta koma cikin wayarku, majalisar kuma ta koma zauren WhatsApp da Telegram, inda ba ku ma san fuskar mai magana ba. Idan mutum ya fara raba ku da iyayenku da sunan addini, ko ya ce ku ɓoye musu abin da kuke karantawa, ku tsaya nan. Ku tambaye shi a wurin wa ya yi karatu, ku kai maganarsa gaban malamin da jama'a suka san malamansa, ku zauna a yi ta a gabanku. Idan kuma abokinku ne ya fara wannan hanya, kada ku yanke shi, domin mai jan sa abin da yake jira ke nan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna a garin nan, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, amma suka zauna suka kafa cibiyar sulhu tare, kuma da aikinsu malamai da fastoci 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002.

Na nemi gafarar mahaifina shekara shida bayan wancan dare, na durƙusa a gabansa ina kuka. Ya ce ya yafe tun a ranar, amma akwai wadda ta ji duk abin da na faɗa daga bayan labule. Ya kwatanta mini gidanta a Sabon Tasha. Sai da na yi wata uku ina ɗagawa kafin na hau motar haya na ƙetare gada, kuma da ta buɗe ƙofa ta gan ni, sunan da take kira na da shi ina yaro ta kira, sannan ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata.